Yadda ake farfaɗo da tsohuwar aska mai naɗewa a yanayin Yamai

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san askar wanzami, wadda maƙerin gida ke ƙerawa, take kwana a zabira tare da ƙaho da sauran kayan sana'a. Askar da ake magana a kanta a nan ƴar'uwarta ce da ta fito daga Turai, wadda ruwanta ke naɗewa ya shige tsakanin ɓari biyu na ƙota. Ta yi zamaninta har zuwa lokacin da rezar Gillette, wadda aka yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1904, ta fara karɓe kasuwa, daga nan aka riƙa jefa ta cikin akwatuna ana mantawa. A Yamai akan ci karo da ita jefi-jefi, cikin tarkacen ƙarafa na kasuwar Katako ko cikin kayan wani dattijo da ya yi soja ko aikin ofis a zamanin Faransa, kuma sau da yawa tsatsa ta rufe ta har mai ita bai ɗauke ta a bakin komai ba. Mai sha'awar farfaɗo da ita ya riƙe abu guda tun kafin ya taɓa dutse: ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Ruwan aska siriri ne, kuma duk abin da sanfefa ko dutse ya ci daga jikinsa an rage shi ne daga shekarun da suka rage mata.

Zaɓe kafin saye

Ana fara dubawa daga wuyan askar, wato ƙarfen da ke tsakanin ruwa da ƙusar da take juyawa a kai, domin a nan maƙera ke buga sunansu da garinsu. Garuruwa uku ne suka fi shahara: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. Daga Sheffield aka san Wade & Butcher da Joseph Rodgers & Sons, daga Solingen akwai Böker da Puma da Dovo, wanda aka kafa a 1906, daga Thiers kuma akwai Thiers-Issard, wanda ya faro a 1884. Wata doka da Amurka ta yi a 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar asali a kan kayan da ake shigar mata da su daga 1891, shi ya sa askar da aka rubuta mata Sheffield kawai, babu sunan ƙasa, ake kyautata zaton ta girmi wannan shekara. Alama ce dai, ba hujja ba, tun da ba kowace aska aka ƙera domin kasuwar Amurka ba.

Faɗin ruwa da kashi takwas na inci ake auna shi. Mai 5/8, wato kusan milimita 16, ita ce ta fi yawa kuma ta fi sauƙin sarrafawa ga sabon hannu, sai mai 6/8 da ke bi mata. Tsofaffin askokin Sheffield suna da kauri tun daga baya har baki, kamar ƙaramin gatari, kuma suna jure gyara sosai. Waɗanda aka rarake gefensu suka zama sirara kamar takarda, irin da yawa daga na Solingen, sun fi saurin ɗaukar washi, amma ba su yafe kuskure.

Sunan maƙeri bai kai lafiyar baki muhimmanci ba. A ɗaga askar a hasken rana a bi bakin da ido daga gindi zuwa tsini. Idan akwai tsagewa, ko da siririya ce kamar gashi, a ajiye ta a wuce, domin babu gyaran da ke ɗinke ta. Giɓi ƙarami da bai kai milimita ɗaya ba dutse zai cinye shi. Tsatsa a baya ko a wuya ba abin damuwa ba ce, amma wadda ta yi ramuka a dab da baki ita ce mai kashe aska, saboda duk lokacin da washi ya iso ramin sai bakin ya marmashe, a ci gaba da ci har ruwan ya ƙanƙance. A duba bayan kuma: idan ya baje ya yi faɗi a wani gefe fiye da wani, hannun da bai iya ba ya daɗe yana wasa ta. Bakin da ya ɗan turo ciki waje kamar jinjirin wata ƙira ce ta asali a tsofaffin askoki da yawa, wanda ya lotsa ciki a tsakiya kuwa illa ce da gyaranta ke cin ƙarfe mai yawa.

Ƙota ma tana da nata bayani. Akwai ta ƙaho, ta ƙashi, ta hauren giwa, ta katako, da ta wata tsohuwar roba da ake kira seluloyid, wadda ke ƙamshin kafur idan aka murza ta da yatsa har ta yi ɗumi. Wannan roba idan ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai guba ga ƙarfe, kuma ana gane hakan idan aka ga tsatsa ta kama daidai ɓangaren ruwan da ke kwana cikin ƙota, alhali bayan da ke waje yana nan fes. Irin wannan ƙota ba ta warkewa, cire ta ake yi a yar, kuma ba a kusanta ta da wuta domin tana kamawa nan take. Ta hauren giwa kuwa a san cewa an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, saboda haka ba kayan da za a tsallaka iyaka da shi ba ne.

Tsatsa da ƙota

Kafin komai a wanke askar da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a busar, a goge ruwan da alkol mai kashi 70 na kantin magani. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, don haka askar da ta fito daga hannun mai aiki da ita a ɗauke ta da muhimmanci, kuma bayan an gyara ta kada a yi tarayya da kowa a kanta. Ruwan jabel, wato bilic na wanki, yana cin ƙarfe, tafasawa kuma tana lanƙwasa ƙaho da roba, duka biyun a bar su.

Sai a dakushe bakin da gangan ta hanyar jan shi sau ɗaya ko biyu a gefen kwalba, a rufe shi da salatif, domin kada a yanke a lokacin goge tsatsa. Abin aiki shi ne sanfefar ruwa irin ta masu fentin mota, wadda ake samu daga lamba 320 mai kaushi har zuwa 2000 mai laushi. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da mai kaushi saboda gaggawa. A fara gwada 800 da ɗigon man keken ɗinki, idan ta cire jan tsatsar shi ke nan, idan ta kasa a sauko 600 ko 400. A naɗe sanfefar a jikin guntun tiyo ko toshiyar kwalba domin ta bi lotsawar ruwan, a shimfiɗa askar a kan katako yadda siririn gefen ba zai lanƙwashe ba. Kowace lamba aikinta share zanen wadda ta gabace ta, kuma ana ganin hakan da sauƙi idan aka sauya alkiblar gugar a kowane mataki, wannan a tsaye, na gaba a kwance. A ƙarshe a shafa man goge ƙarfe da tsumma mai laushi.

A ganina ba dole ba ne tsohuwar aska ta koma kamar madubi. Jan tsatsa mai rai ce, tana ci, dole a kawar da ita. Baƙin tabo da dushewar launi da shekaru suka bari ba su cutar da komai, kuma wanda ya nace sai ya kore su yakan tafi da zanen ado da rubutun da ke jikin ruwan, waɗanda ba su da zurfi ko kaɗan.

Injin gurza kuwa a nisance shi baki ɗaya. Askata ta farko a wurin wani mai wasa wuƙaƙe a kasuwa ta mutu: cikin ƴan daƙiƙoƙi tartsatsi ya tashi, bakin ya rine ya koma shuɗi, tun daga ranar ba ta sake riƙe kaifi ba. Laifina ne da na miƙa masa, shi aikin wuƙar mahauta ya sani. Ƙarfen aska an ƙera shi da tauri na musamman, kuma da zarar zafi ya haura digiri 200 launinsa yakan fara sauyawa, taurin ya soma saki, a siririn baki kuwa wannan zafi ba ya ɗaukar lokaci kafin ya taru.

Idan ƙota lafiyayya ce a bar ta a jiki. Ƙahon da ya bushe ya yi fari-fari yakan farfaɗo idan aka bar shi ya sha mai na kwana ɗaya ko biyu, sannan a goge shi da sanfefa mai laushi. Idan ruwan yana lilo, a ɗora ƙusar a kan ƙaramar maƙera a riƙa ƙwanƙwasa kanta da ƴar guduma, bugu marar ƙarfi wanda ko a yatsa ya sauka ba zai yi ciwo ba, ana juyawa gefe da gefe, ana gwada buɗewa bayan kowane bugu biyar ko shida. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya lanƙwasa ƙusar ko ya fasa ƙashi. Idan sauya ƙota ya zama dole, a gurje kan ƙusar da magagari a fitar da ita, a maye gurbinta da sandar tagulla mai kaurin kusan milimita 1.6, a tabbatar ruwan yana faɗawa tsakiya idan an rufe, bai goga kowane ɓari ba.

Washi

Nan ne aikin yake. Bambancin aska da wuƙa shi ne, mai wasa wuƙa da hannunsa yake riƙe kusurwa, ita kuwa aska maƙerinta ya riga ya gina mata kusurwar a jiki. Idan aka kwantar da ita a kan dutse, bayanta da bakinta suka taɓa tare, kaurin bayan ne ke ɗaga ta daidai gwargwado, gefuna biyun su haɗu a kusurwar da ke tsakanin digiri 15 zuwa 18. Saboda haka bayan ba ya barin dutse ko sau ɗaya. Wanda ya ɗaga shi, ko da kaɗan ne, ya mayar da aska wuƙa.

Dutsen toka mai fuska biyu da ake sayarwa domin wuƙaƙen kicin ya yi kaushi ƙwarai. Abin da ake buƙata duwatsun ruwa ne masu lamba 1000, 4000 da 8000, sai na gamawa mai 12000 ga wanda ya samu hali. Cikin duwatsun ƙasa, wanda ya fi suna shi ne rawayan dutsen yankin Ardennes na Beljiyam, wanda ƙananan ƙwayoyin ma'adini ke cikinsa: idan aka goga masa ƙaramin ɗan'uwansa har ruwan ya yi kauri kamar koko yana ci da sauri, idan aka riƙa tsarma shi da ruwa yana komawa mai laushi, ta haka dutse ɗaya ke yin aikin biyu ko uku. Akwai kuma na Thüringen a Jamus, da na Arkansas a Amurka, da na Japan. Da wuya a same su a kantunan Yamai, yawanci sai an yi saƙo. Kafin su iso, sanfefar ruwa da aka manna a kan gilashi mai kauri tana iya yin aikin farko, sai dai lambobinta ba ɗaya suke da na duwatsun ruwa ba, kuma ita kaɗai ba ta kai aska ga fuska.

Dutsen kansa sai ya zama shimfiɗaɗɗe. A zana masa layuka da fensir, a goga fuskarsa a kan jiƙaƙƙiyar sanfefa mai lamba 320 ko 400 da ke kan gilashi, har layukan su ɓace gaba ɗaya, sannan a ɗan kashe kaifin gefunansa.

Mutane da yawa suna manna baƙin salatif na masu aikin lantarki a bayan askar domin kada dutse ya ci shi. Ga askar da ke da ado a baya, ko mai kauri irin ta Sheffield, ina ganin dabarar tana da kyau, da sharaɗin a riƙa sauya salatif ɗin idan ya cinye, kuma a tuna cewa askar da aka wasa da salatif da shi za a ci gaba da wasa ta.

A jiƙa dutsen 1000, a fara sauke bayan, sannan a kwantar da bakin a hankali. A tura askar baki na gaba, kamar mai son yanko siririn ɓawo daga fuskar dutsen, ana ɗan janyo ta a karkace daga gindi zuwa tsini domin dukan tsawon bakin ya samu rabonsa. Idan aka kai ƙarshe a mirgina ta a kan bayanta, bakin ya tashi sama ya faɗa ɗaya gefen, a dawo. Zuwa da dawowa shi ne zagaye ɗaya. Mai bakin jinjirin wata ba ta kwanciya gaba ɗaya a lokaci guda, sai an riƙa mirgina nauyin hannu daga gindi zuwa tsakiya zuwa tsini a cikin tafiyar. Domin sanin inda dutse ke taɓawa, a shafa wa gangaren bakin baƙar tawada marar gogewa, a yi zagaye biyu ko uku, a duba: duk inda tawada ta rage, dutse bai isa wurin ba. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran salula yana taimakawa ƙwarai a nan.

Ba a ƙidaya zagaye a wannan dutse, domin wata askar minti goma ya ishe ta, wata kuma sai an yini. Ba a barin sa sai gefuna biyun sun haɗu tun daga gindi har tsini, kuma shaidar hakan ita ce askar ta aske gashin hannu cikin sauƙi da kowane sashe na bakinta, ba da tsakiya kaɗai ba. Idan aka kalli bakin kai tsaye a ƙarƙashin fitila aka ga wani wuri yana ƙyalli, wurin bai haɗu ba tukuna, domin baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Kusan duk askar da aka ce ta ƙi aski bayan an gama da ita, a nan aka yi mata gaggawa. Duwatsun da ke gaba ba su ƙirƙirar kaifi, suna sulɓe wanda aka riga aka kafa ne kawai, kuma wanda ya hau 8000 da bakin da bai haɗu ba zai samu ƙarfe mai sheƙi wanda ba ya yanka.

Daga nan aikin ya yi sauƙi. A 4000 a yi zagaye 30 zuwa 40 har zanen 1000 ya gushe, a 8000 a yi 20 zuwa 30, a dutsen gamawa ma kamar haka, ana rage nauyin hannu a kowane mataki har ya zama nauyin askar kaɗai ke kan dutsen. Dannawa tana lanƙwasa siririn ruwa, sai dutse ya ci bayan baki ya bar bakin. A wanke askar da hannu tsakanin dutse da dutse, kuma a lokacin hunturu a rufe duwatsun idan an tashi, domin ƙwayar rairayi ɗaya da iska ta sauke a kan 8000 ta isa ta mayar da aiki baya.

Fata ce ke gamawa. Wanzamai sun daɗe da sanin haka, shi ya sa za a ga wanzami yana shafa askarsa a fata ko a tafin hannu a tsakiyar aski. A nemi baduku, ko a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata ko wajen masu sana'a na gidan tarihi na Boubou Hama, ya yanko fatar saniya mai santsi, marar rini da tabo, faɗin santimita 6 zuwa 7, tsawon kusan 50. Fatar akuya ta yi laushi kuma tana miƙewa, sai dai a manna ta a kan katako. A fata alkibla tana juyewa: bayan ne ke gaba, bakin yana biye, a ja fatar ta miƙe sosai, a mirgina a kan baya kamar yadda aka yi a dutse, a yi zagaye 50 zuwa 60 ba tare da sauri ba. Sabon hannu sai ya yanki fatar washinsa ta farko, don haka kada a fara da mai tsada. Hukunci na ƙarshe na gemu ne: a jiƙa shi da ruwan ɗumi da kumfa, a ɗaga bayan askar daga fatar fuska gwargwadon kaurinsa sau ɗaya ko biyu, a gwada a kumatu. Idan tana jan gashi, a koma 8000, idan hakan bai yi ba a koma 1000 ba tare da jin kunya ba. Askar da ta samu washi mai kyau, ana shafa ta a fata kafin kowane aski, takan yi watanni ba ta nemi dutse ba.

Ajiya

Yawancin tsofaffin askoki ba ƙarfe marar tsatsa ba ne, wanda sai a 1913 Harry Brearley ya samar da shi a Sheffield, saboda haka ɗigon ruwa ɗaya da ya kwana a jikinsu yakan bar tabo. Bayan aski a goge ruwan da tsumma daga baya zuwa baki, a kiyaye kada ruwa ya shiga wajen ƙusa, a zura takarda tsakanin ɓarin ƙota, a bar askar a buɗe ta sha iska na ɗan lokaci inda yara ba za su kai ba. Makewayi ba wurin ajiya ba ne.

Shekarar Yamai tana da haɗari iri uku ga aska. Daga Yuni zuwa Satumba laima ce, musamman a Agusta da kuma unguwannin da ke kusa da kogi, kuma a lokacin ne ake buƙatar shafa siririn man keken ɗinki ko basilin ga duk askar da za ta yi fiye da mako ba a taɓa ta ba. Man gyaɗa da sauran man girki suna daskarewa su yi danƙo, a bar su a kicin. Hunturu yana busar da ƙaho da ƙashi har su tsage ko su kangare, maganinsa ɗan mai sau ɗaya ko biyu a lokacin. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gaggauta ruɓewar seluloyid, don haka masu irin wannan ƙota a ware su daban, a wuri mai inuwa da iska, kada a kulle su cikin gwangwani ɗaya da sauran, domin ƙota ɗaya da ta ruɓe tana iya lalata duk abin da ke kusa da ita.

Kuben fata yana da kyau a ido, yana kuma da amfani a tafiya, amma ba a barin aska a cikinsa wata da watanni. Fata tana jan laima, kuma wadda aka jeme da bagaruwa idan ta haɗu da ƙarfe da danshi baƙi take yi. Dukawa sun fi kowa sanin wannan, tun da kulokon da suke baƙanta fata da shi daga ƙarfe ake haɗa shi. Akwatin katako mai rabe-rabe, ko aljihun tebur da aka shimfiɗa wa tsumman auduga, ya fi dacewa, tare da ƴan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. A damina a buɗe akwatin duk mako biyu a duba kowace aska, musamman wajen ƙusa da ƙarƙashin wuya inda yatsa ke barin gumi, kuma duk jan ɗigon da aka gani a goge shi a ranar da man goge ƙarfe, tun bai yi rami ba.